Na ja hannun bonet ya ɗago kaɗan, amma ya ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, kwanan nan na sayi Corolla ƙirar 2008 'yar Kwatano. An ce in riƙa duba ruwa da baƙin mai kafin in fita da safe, amma har yau ban iya buɗe bonet ba. Na ja wani ɗan hannu a ƙasan sitiyari, na ji ƙara, bonet ɗin ya ɗan ɗago, amma da na je ɗagawa sai ya ƙi. Ina tsoron in sa ƙarfi in karya wani abu. Yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa a kashe lafiya, ya kuma tsare hanya.

Ki kwantar da hankalinki, babu abin da ya lalace a motarki. Rabin aikin kika yi, kuma kin kyauta da ba ki sa ƙarfi ba. Bonet kulle biyu gare shi. Na farko shi ne wanda hannun cikin mota yake saki: wata siririyar wayar ƙarfe ce ta taso daga hannun nan, ta bi ta gefen inji har zuwa makullin da ke gaban mota, a saman lagireto. Da kin ja, wayar ta janye makullin, sifirin ya tura bonet ɗin sama kaɗan. Ƙarar da kika ji ke nan. Na biyun kuwa ƙugiya ce da take cafke bonet ɗin bayan ya ɗago, kuma a irin motarki ba a sakinta daga ciki, sai an zagayo gaba an sa hannu.

Ga yadda za ki yi. Ki tsayar da motar a wurin da ba gangara, ki sa giya a P, in mai kuloci ce a furi, ki ja birkin hannu, ki kashe inji, ki zare makulli. Ki dubi waifa ki tabbata suna kwance a kan gilashi, don in an bar su a miƙe, bakin bonet zai goge su ya kankare fenti. Sai ki ja hannun nan na ƙasan sitiyari ta hagu, saitin gwiwarki, mai hoton mota da gabanta a ɗage. Kada ki rikita shi da waɗanda ke ƙasa a gefen kujerar direba. Su na but ne da na murfin tankin mai.

To, ki zagayo gaba, ki tsaya saitin tambarin Toyota. Tsakanin bakin bonet da ragar gaban mota za ki ga ɗan sarari, kamar faɗin yatsu biyu. Ki zura yatsunki a tsakiya ki laluba hagu da dama, za ki ji wani ɗan ƙarfe mai faɗi da yake motsi in an taɓa shi. A ƙirar motarki sama ake ɗaga shi. Inda mutane suke shan wahala shi ne, sai su riƙa ɗaga bonet ɗin da ɗaya hannun tun ba su saki ƙugiyar ba, ita kuma in an ɗora mata nauyi ƙara cijewa take yi. Ki ɗan danna bonet ɗin ƙasa kaɗan da tafin hannunki, ki ɗaga ƙarfen da yatsun ɗaya hannun, sannan ki ɗaga bonet ɗin. Zai tashi ba gardama. In kin laluba ba ki ji komai ba, ki durƙusa ki haska fitilar wayarki ta wannan sararin, za ki gan shi ƙuru-ƙuru. Gani ɗaya ya isa, daga ranar hannunki zai riƙa zuwa wurin da kansa.

Bonet ɗin Corolla ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an tokare shi. Akwai wata siririyar sandar ƙarfe a maƙale cikin ɗan kilif na roba. Ki riƙe bonet da hannu ɗaya, ki ciro bakin sandar da ɗayan, ki sa shi a ramin da aka yi dominsa a ƙasan bonet ɗin. Galibi akwai 'yar kibiya da aka zana kusa da ramin. Ramuka da yawa ne a wurin, kuma ba kowanne ne yake riƙewa ba, don haka kafin ki saki ki ɗan girgiza ki ji ya zauna. In motar ba ta daɗe da tsayawa ba, sandar za ta yi zafi, ki kama ta inda aka naɗa mata soso ko roba, ko ki sa tsumma. Ranar da ake iska mai ƙarfi, irin ta farkon damina, ki juya motar kada gabanta ya fuskanci iskar, domin iska tana iya ɗaga bonet ya kuɓuce daga sandar ya faɗo a kan mutum. Manyan motoci irin su Mercedes da BMW galibi ba su da wannan sandar, wani abu ne mai kama da ƙaramin shokazoba yake riƙe bonet ɗin. Shi ma yana mutuwa in ya tsufa, sai ki ga bonet yana saukowa a hankali mutum yana sunkuye bai sani ba. Canza shi ake yi, ba tokarewa da guntun icce ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a wannan maganar, wato rufewa. Buɗe bonet in an kasa, ɓacin rai ne kawai da ɓata lokaci. Rufe shi ba daidai ba kuwa rai yake ci.

Wannan ƙugiyar da ta hana ki buɗewa, don ceton rai aka sa ta. Mota in tana gudu, iska tana shiga ta ƙasan bakin bonet da ƙarfin gaske. Idan makullin farko bai kama ba, ko ya saki a hanya, ƙugiyar nan ce kaɗai take tsakanin direba da bala'i. In ita ma ta gaza, bonet ɗin zai tashi lokaci ɗaya ya daki gilashin gaba, ya tarwatsa shi, ya rufe wa direba ido gaba ɗaya, ga shi kuma yana kan gudu. A Amurka doka ce, mai lamba FMVSS 113, cewa duk bonet ɗin da yake buɗewa ta gaba kuma zai iya tare wa direba gani, dole a yi masa kulle na biyu. Kuma ko sabuwar mota ba ta tsira ba in ba a kula: a 2020 kamfanin Nissan ya yi kira a mayar masa da motocin Altima sama da miliyan 1.8 don a gyara su, ƙirar 2013 zuwa 2018, saboda tsatsa tana sa ƙugiyar ta maƙale a buɗe ba tare da mai mota ya sani ba. A irin waɗannan motocin, hannun bonet da na tankin mai kusa da juna suke, mutum ya shiga gidan mai ya ja na bonet bisa kuskure, ya sha mai ya hau titi. Motocin nan kuwa ana shigo da su ƙasarmu, kuma ba kowacce aka kai aka gyara kafin a lodo ta a jirgi ba.

Saboda haka in kin gama dubawa, ki fara kallon cikin injin: ba a bar tsumma ba, ba a bar sufana ko galan ba, an mayar da murfin baƙin mai an ɗaure. Ki ciro sandar ki mayar da ita cikin kilif ɗinta har ki ji ta shiga, don in aka bar ta a sake tana iya taɓa kan batir ko ta riƙa ƙara. Ki sauko da bonet ɗin a hankali har ya rage kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 30, sai ki sake shi ya faɗa da nauyinsa. Kada ki ajiye shi a hankali sannan ki hau dannawa da hannu biyu. Bonet ɗin motocin yanzu ba shi da kauri, wasu ma na alminiyam ne, nan da nan zai loɓa. Kada kuma ki buga shi tun daga sama. In ya faɗa, ki sa yatsu a bakinsa ki ɗaga. Idan ya motsa ko kaɗan, ƙugiya ce kawai ta kama, makullin farko bai kama ba, ki koma ciki ki ja hannu ki sake daga farko. Rufaffen bonet yana zama daidai da ƙarfen gefe-gefensa, ba tudu ba rami.

Wannan ɗagawar ta ƙarshe, ki mayar da ita ɗabi'a ko da ba ke kika rufe ba. Yaron gidan mai ya duba miki ruwa, mai wankin mota ya wanke inji, ko mu kanikawa mun gama aiki muna sauri, duk ki sa yatsa ki gwada kafin ki shiga. Ba rashin yarda ba ne, ni ma haka nake koya wa yarana a gareji, kuma ba na jin haushi in mai mota ya gwada a gabana. Idan kina tafiya kika ga bakin bonet yana rawa, ki rage gudu ki sauka gefen titi nan take, kada ki ce bari in ƙarasa. In kuma Allah ya ƙaddara ya tashi ya rufe gilashi, kada ki taka birki da ƙarfi, domin na bayanki bai san abin da ke faruwa ba. Ki ɗaga ƙafa daga totur, ki riƙe sitiyari yadda yake, ki sunkuya ki leƙa ta ɗan sararin da yake saura a ƙasan bonet ɗin, ko ki leƙa ta tagar gefenki, ki kunna sigina ki gangara a hankali. Direbobin haya da suke ɗaure bonet da igiya ko waya saboda makulli ya lalace, su ji tsoron Allah su gyara. Kuɗin makullin bai kai na gilashi ba, balle ran fasinja.

Tunda wasu ma za su karanta amsar nan, kuma ke ma wata rana za ki tuƙa motar da ba taki ba, bari in faɗi inda motoci suka bambanta. Toyota da Honda da Nissan da Hyundai da Kia, kusan duk a ƙasan dashbod ta hagun direba hannun yake, ko a jikin bangon da ke kusa da ƙafarsa ta hagu. Ƙugiyar waje ce take bambanta: wata sama ake ɗagawa, wata gefe ake turawa. A Volkswagen na baya-bayan nan da Peugeot irin su 208 da 308, an ɓoye hannun yadda ba zai jawu ba sai ƙofar gaba ta hagu tana buɗe, mutum ya yi ta fama a zaune da ƙofa a rufe har ya karya robar. A Golf 4 da tsofaffin Mercedes irin su 190 da W124, in an ja hannun ciki, wani ɗan harshe ne yake leƙowa ta ragar gaba, shi ake jawowa waje sannan a ɗaga. Masu Mercedes su kula da abu ɗaya: a da yawa daga cikinsu birkin ajiye motar da ƙafa ake taka shi, hannun da ake sakinsa kuma yana nan ta hagun sitiyari, sama da na bonet. Wanda bai saba ba yana iya sakin birkin yana zaton bonet ya ja, in a gangara ne kuwa mota ta tafi. BMW na baya-bayan nan ba su da ƙugiyar da ake lalubawa a waje, sau biyu ake jan hannun ciki: ja na farko ya saki kulle ɗaya, na biyu ya saki ɗayan.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce Ford Focus ta Turai, ƙira ta farko da ta biyu, da Mondeo ta 2000 zuwa 2007. Ko a kwana ana nema ba za a ga hannu a cikin motar ba, don babu shi. Tambarin Ford da ke ragar gaba ake juyawa gefe, a bayansa akwai ramin makulli. A sa makullin motar, a murɗa hagu bonet ya ɗago, sannan a murɗa dama a ɗaga, a zare makullin nan take kada a manta shi a jiki. Sai kuma motocin da aka yi don ƙasashe masu sitiyari a dama, irin su Japan, aka kawo aka juya musu sitiyari zuwa hagu, tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, haka kuma ake yi a Nijar da Kamaru da Chadi da Gana. A wasunsu masu juyawar ba sa ɗauke hannun bonet, sai a same shi can ta wajen ƙafar fasinja. Yawancin Hiace da Hijet kuwa, injinsu ma ba a gaba yake ba, yana ƙarƙashin kujerun gaba, kujerar ake ɓallewa a ɗaga.

Akwai ranar da za ki ja hannun ki ji shiru. Ki lura da yadda hannun ya ji a yatsunki, shi zai gaya miki ciwon. Idan yana da nauyi kamar kullum amma bonet bai ɗago ba, makullin ne ya cije. Wannan ya yi yawa a wajenmu, saboda ƙurar hunturu tana haɗuwa da tsohon giris ta daskare, sifirin ya kasa turawa. Ki sami wani ya danna bakin bonet da tafin hannu saitin makullin, ke kuma ki ja hannun ki riƙe, sai ya saki ya ɗaga. Yawanci a karo na farko ko na biyu yake buɗewa. Idan robar hannun ce ta karye, wayar tana nan a bayanta, a kama bakinta da filaya a ja. Idan kuwa hannun ya zo sakwaf babu nauyi ko kaɗan, wayar ta tsinke ko ta zame daga mazauninta, wannan aikin bakanike ne: ta ragar gaba ake zura dogon sukudireba a ture makullin, ko a shiga ta ƙasan mota. Kada ki yarda kowa ya sa ƙarfe ya ɓanɓare bakin bonet, gyaran bodi da fenti zai ninka kuɗin wayar sau da yawa. Kada kuma wani ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ba a tokare ta ba.

Motar da ta taɓa yin karo ta gaba ita ta fi wannan matsalar, in mai gyaran bodi bai daidaita makullin da ƙarfen da yake shiga cikinsa ba. Irinta ce sai an buga sau uku kafin ta rufu. Makullin yana da kusoshi da ake sassautawa a gyara masa zama, akwai kuma 'yan robobi a gefe biyu da ake murɗawa a ɗaga su ko a sauke. Aikin mintuna ne. Duk lokacin da kika kai mota juyen baƙin mai, ki ce a wanke makullin da ƙugiyar, a sa musu sabon giris kaɗan, kuma a taɓa ƙugiyar a gabanki ki ga tana komawa da kanta in an sake ta. Wadda aka tura ta tsaya a inda aka tura ta, ba ta aiki.

In batir ya mutu ƙofofi suna kulle, ba abin tashin hankali ba ne. Hannun bonet ba ruwansa da wuta, waya ce kawai. Ki buɗe ƙofar direba da makullin hannu, ki ja kamar kullum. Motocin da ake tayarwa da maɓalli ma akwai ɗan makullin ƙarfe a ɓoye cikin rimot ɗinsu.

Lokaci biyu ne ba a gaggawar buɗe bonet. Idan allurar zafi ta haura ko kika ga tururi yana fita, ki tsaya ki kashe inji, ki bar shi a rufe har tururin ya lafa. Ko kin buɗe bonet ɗin don ya sha iska, kada ki taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin awa, kuma kin taɓa babbar robar ruwa ta sama kin ji ta huce ta yi laushi. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa yana wuce digiri 100 bai tafasa ba, da an murɗa murfin sai ya yi tsiri ya watsu a fuska da hannu. Na ga ƙunar da wannan yake yi, ba na fatan kowa ya gani. Na biyu, idan hayaƙi baƙi ne, ko kina jin ƙaurin roba, ko kin ga harshen wuta, kada a ɗaga bonet ɗin, don iskar da za ta shiga ita za ta hura wutar. A kashe mota, a fitar da kowa, yara tukuna. In wutar ƙarama ce kuma akwai abin kashe gobara a kusa, a ja hannun ciki kawai, a fesa ta wannan ɗan sararin da ƙugiya ta bari. In ta fi ƙarfin haka, a yi nisa a kira 'yan kwana-kwana.

Wani abu kuma da ya shafe ki kai tsaye, Malama: mayafi da hijabi. Kafin ki sunkuya kan inji ki tattare shi ki soke, ko ki jefa bakinsa ta baya, haka maza masu babbar riga su naɗe hannu. Fanbel in ya kama tufa ba ya saki, shi ya sa na ce a kashe inji a zare makulli. Fankar lagireto ta lantarki ce, a motoci da yawa tana iya tashi da kanta in inji yana da zafi ko da an kashe mota, don haka yatsu su yi nesa da ita. Wanda yake da mota mai haɗa fetur da lantarki, irin su Prius, kada ya taɓa wayoyin da aka yi wa launin ruwan lemo, wuta mai ƙarfi ce a cikinsu.

Shawarar da aka ba ki ta dubawa da safe mai kyau ce, don lokacin inji a sanyaye yake, baƙin mai kuma ya gama sauka. Ki zaro gejin baƙin mai, mai zobe a kansa, ki goge shi da tsumma mai tsabta, ki mayar har ƙarshe, ki sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomi biyun da ke bakinsa. Ruwa kuwa ba sai kin buɗe lagireto kullum ba, ki dubi farar robar da ke kusa da shi, ruwan ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa. Ki kalli robar man birki ita ma, ana ganin man ta jikinta ba sai an buɗe ba. Idan motar ba ta yoyo, sau ɗaya a mako ya wadatar, da kuma duk ranar da za ki yi doguwar tafiya. In kika ga ruwa ko mai yana raguwa kowane mako, kada ki tsaya ƙari kawai, ki kai a nemo inda yake bi.